Ƙaramin Gidan Mai Agogo

Duk wanda ya taɓa tafiya a ƙafa da Kaltum Halilu ya san ba ta iya wuce ƙaramin abu a ƙasa. Murfin man goge baki ne, ɓallallen maɓalli ne, guntun waya ne, sai ta tsaya ta sunkuya ta ɗauka, ta juya shi a tafin hannu, ta jefa a jaka. 'Yarta Ilham ta sha yin gaba ta bar ta a filin ajiye motoci saboda kunya. Ita kuwa Kaltum ba shara take gani ba. Murfin nan bokiti ne, maɓallin nan faranti ne, wayar kuma mariƙin buta.

Halin ya samo asali tun a Gusau, a wani gida da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinta, Malam Halilu, gyaran agogo yake yi a zauren gidan, kullum da madubin ƙara girma maƙale a ido ɗaya. In ƙaramin noti ya suɓuce masa ya faɗi, Kaltum yake ƙwala wa kira, don duk gidan ita kaɗai ke iya gano shi a cikin saƙar tabarma. Sa'anninta suna goya 'yar tsana suna yi mata kitso, ita kuwa 'yar tsanar ba ta dame ta ba, ɗakin 'yar tsanar ne damuwarta. Da kara take haɗa gado mai rumfa, ta yanka gwangwanin madara ta yi kwanonin jere, ta murza laka ta yi randa har da murfinta. Ran da uban ya ga ta saƙa faifan da bai fi farcen babban yatsa ba, ya daɗe yana dubansa da madubinsa, sannan ya jawo aljihun tebur ya miƙa mata wani tsohon hantsaki.

Inna, mahaifiyarta, ta ce, "Malam, har da kai za a biye mata? Yarinya ta isa tuƙa tuwo, tana nan tana wasan ƙasa."

Ya ce, "Ƙyale ta. Hannu ne Allah ya ba ta."

Girma ya zo, wasan ya kwanta. Ta gama sakandare, ta yi makarantar koyon aikin lafiya, ta auri Rilwanu, injiniyan ruwa da ya yi karatu a Amurka ya samu aiki a Washington. Ta sauka a Woodbridge, wani gari kusa da Washington, a tsakiyar sanyi, cikin jerin gidaje masu kama ɗaya, inda maƙwabci ba ya leƙo maƙwabci. Rilwanu kan kama jirgin ƙasa tun da asuba, ba ya dawowa sai bayan magariba. Kaltum ta wuni tana kallon bango.

Hajiya Sadiyya ce ta fitar da ita daga wannan kaɗaici. Matar wani likita ce a Springfield, garin da ke kusa da nasu, 'yar Zariya, mace mai faɗin fuska da saurin sabo, wadda duk baƙuwar da ta zo daga gida sai ta bi ta hannunta. Ita ta nuna wa Kaltum inda ake samun naman halal da kuka da daddawa. Ita ta zauna a gefenta har ta iya tuƙi a babbar hanyar nan ta 95 da ke tsorata baƙi. Da aka haifi Ilham, Sadiyya ta tare a gidan, ta dama mata kunun kanwa, ta dafa mata ruwan wankan jego tukunya bayan tukunya tana juyewa a baho. Kaltum kan ce, "Ban da Inna, ba wanda ya yi mini abin da Anti Sadiyya ta yi mini." Kuma har zuciyarta take faɗa.

Wata Asabar da rani, tana tura Ilham a keken jarirai, ta iske an baza gwanjo a ƙofar wani gida. Ba kayan gwanjon ne suka tsayar da ita ba. A cikin garejin da ke buɗe ta hango wani ɗan gida a kan tebur, mai hawa biyu, an cire masa bangon gaba. Ga kujeru, ga labule, ga tukwane rataye, ga fitila tana ci. Ta tsaya kamar an dasa ta. Mai gidan, wata dattijuwar Baturiya mai suna Sophia, ta ce wannan ba na sayarwa ba ne, amma ta shigo ta gani. Kaltum ta duba wata 'yar kujera, cikin Turancinta na lokacin ta ce ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo. Sophia ta yi dariya ta ce shekara da shekaru abin na damunta, ba wanda ya taɓa lura.

A wurin Sophia ta fara jin cewa wannan abu sana'a ce ta manya, har da ƙungiyar masu yinta da ke haɗuwa a laburaren gari. A can ta koyi awo: inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya, komai da komai, daga ƙofa har cokali. Ta koyi irin yumɓun da ake gasawa a tanderun girki, da yadda ake tsufar da katako da ruwan shayi. Sophia ce kuma ta ga hannunta ta ce ta nemi aiki a inda ake haɗa haƙoran roba. Ta nema, ta samu, aikin da take yi ke nan har yau.

Da farko gidajen Turawa take kwaikwayo kamar kowa. Sai Malam Halilu ya rasu, ba a daɗe ba aka zo faɗaɗa titi aka bi ta kan gidansu. Yayarta ta turo mata hoton wurin, ba zaure, ba rijiya, sai kwalta. Kaltum ba ta yi kuka a waya ba. Washegari ta sauka ɗakin ƙasa, wanda ke ƙarƙashin gidansu, ta share tebur, ta zana filin gidan a kan katako.

Fiye da shekara goma ta kwashe tana gininsa. Ta yi zauren da teburin agogo, da agogunan bango jere, kowanne da hannuwansa na gashin buroshi. Ta yi tsakar gida da rijiya da guga, da turmin da ya tsage a gefe aka ɗaure shi da waya. Ta yi rufin kwano da tsatsarsa, da indararon da ya karkace, da eriyar talabijin a kan doguwar gora. Ta yi keken ɗinkin Inna, da firjin da ake sayar da ƙanƙara da shi lokacin azumi, da babur ɗin Malam jingine a soro. In ta manta wani abu sai ta buga wa Inna.

"Inna, randar nan ta bakin madafi, dama take ko hagu?"

"Ke Kaltume, daga Amurka kika kira ni ki tambayi randa? Hagu take, kusa da akurki."

Abu ɗaya ne ba ta yi: mutane. Tun tana Islamiyya zuciyarta ba ta kwanta da sassaƙa siffar mai rai ba. Sai dai takalma. A bakin kowace ƙofa ta ajiye takalman masu ɗakin, silifas ɗin Inna, takalman fata na Malam masu cinyayyiyar dunduniya, da tarin ƙananan takalman yara a hargitse.

Rilwanu bai taɓa hana ta ba, shi ya ma kafa mata fitila a kan teburin. Amma in baƙi suka tambayi ina take, yakan ce, "Tana ƙasa wurin wasanta." Matan da ke zuwa suna sauka su kalla su riƙe baki, su hau sama su yi dariya. Sadiyya ce kaɗai kan jawo kujera ta zauna, ta ce, "Ƙanwata, wannan abu bai kamata ya ƙare a ɗakin ƙasa ba."

A lokacin nan Sadiyya ta kafa wata ƙungiya ta tallata al'adun gida, tana kai ɗinki da saƙa makarantu da bukukuwa. Wata rana ta zo da albishir: wata cibiyar fasaha a Takoma Park za ta yi nunin kayan hannu na Afirka, an ba ta ɓangare guda. Tana son aron gidan.

Abin ya zo daidai da rashin lafiyar Inna, Kaltum na shirin tafiya Gusau jinya. Ta nuna ba ta so. Gidan bai taɓa fita daga ɗakin ba.

Sadiyya ta ce, "Haba Maman Ilham, a hannuna fa zai zauna. Ko ƙuda ba zan bari ya sauka a kansa ba. Ki je ki duba Inna, ki dawo ki tarar sunanki ya zaga gari."

Kaltum ta naɗe kowane ƙaramin abu a auduga, ta nuna mata inda kowanne ke zama. Ta ce, "Amana ce, Anti." Rilwanu ne ya ɗauki gidan a bayan motarsa ya kai.

Ta yi wata biyu a Gusau, Inna ta samu sauƙi, ta dawo. Duk lokacin da ta tambayi Sadiyya labarin nunin, sai ta ce, "Lafiya lau, ki huta gajiya tukuna, ni zan kai ki da kaina." Mako ya bi mako ba a kai ta ba. Rilwanu kuma in ta tayar da maganar sai ya shiga wata. Ran wata Asabar da hantsi ta ce wa Ilham, wadda ta zo hutu daga jami'a, ta ɗauko mukullin mota.

Tun daga bakin ƙofar zauren nunin ta hango shi a tsakiya, cikin akwatin gilashi, fitilu na haska shi, mutane sun kewaye. Murna ta kama ta. Da ta matso sai murnar ta koma ciki.

An rufe kwanon rufin da busasshiyar ciyawa, an manna ta da gam. Babu eriya, babu firji, babu keken ɗinki, babu babur. Teburin Malam da agogunansa duk an kwashe, an shimfiɗa guntun fata a zauren an ɗora ƙwarya. Takalman nan na bakin ƙofa ba ko ɗaya. A tsakar gidan Inna kuma an tsayar da wasu 'yan gumakan katako irin na shagon tsaraba, mata ba riga, suna daka.

Ilham ta karanta allon da ke gefe, sannan ta karanta wa uwarta a hankali. An rubuta cewa gidan gargajiya ne na Hausawa, aikin hannun wasu matan karkara da ba a san sunayensu ba, Hajiya Sadiyya ce ta samo shi a tafiye-tafiyenta ta ba cibiyar kyauta.

Wata mata da ke tsaye kusa da su ta juyo ta ce wa Kaltum da fara'a, abin mamaki ne yadda mutanen da ba su da kayan aiki suke iya yin irin wannan. Kaltum ta gyaɗa mata kai. Ilham ta kama hannunta suka nufi mota.

Daga nan Springfield suka nufa. Sadiyya na kicin tana soya albasa. Tana ganin fuskar Kaltum ta rage wuta.

"Kin je ke nan. Ai da kin jira ni na yi miki bayani."

"Ga ni, Anti. Yi mini."

"Zauna mana. Ke ba ki san mutanen nan ba. Labari suke so. In na ce musu wata mai haɗa haƙora ce ta yi shi a ɗakin ƙasa a Woodbridge, wallahi ko kallonsa ba za su yi ba. Kuma fisabilillahi, firji da talabijin a gidan gargajiya?"

"Ba gidan gargajiya ba ne. Gidan ubana ne. Akwai firji a gidan ubana."

"To, ai sunan Hausawa aka ɗaga, ba nawa ba."

"Sunanki na gani a allon."

Sadiyya ta ajiye ludayi. "Kaltum, ni kike faɗa wa haka? Ni da na wanke ki da hannuna?"

"Kin ba su kyauta, Anti. Abin da na ba ki aro."

"Ke da ke da hannu? Ki sake wani mana."

"Kayan da kika cire fa?"

Sadiyya ta kau da kai. Ta ce a leda ta zuba su ta bari a can ranar shiri, tana jin masu shara sun haɗa da su. Ta ƙara da cewa, "Ai Rilwanu yana wurin ranar buɗewa, ya gani, bai ce komai ba. Ke kaɗai ce za ki mai da abin wasa abin faɗa."

Wannan maganar ta fi ta allon zafi. Da suka koma gida Rilwanu na yanke ciyawa a bayan gida. Kaltum ta tsaya har ya kashe injin.

"Baban Ilham, ka je buɗe nunin nan?"

Ya share gumi. "Na je."

"Ka karanta allon?"

"Na karanta. Ban ji daɗi ba, Allah ya sani. Amma kina can kan ciwon Inna, me zan ce miki? Ga Dakta mijin Hajiya Sadiyya a tsaye, ga jama'a ana ta tafi."

"Kai ma ka tafa?"

Sai ya ce, "Ki yi haƙuri ki bar maganar nan. Mu nawa ne a garin nan? Kada a ɓata zumuncin shekara ashirin a kan kwali da gam."

Kaltum ta dube shi. Mutumin da ya ga tana hawaye ranar da ta gama takalman Malam, shi ne yau yake cewa kwali da gam. Ta juya ta shige gida.

Da don ta ita ce, wataƙila da ta haɗiye. Ilham ce ta ƙi. Da Turanci ta yi maganar, kamar kullum in ranta ya ɓaci, ta ce tun tana firamare take ganin ana gina gidan nan, ba za ta zauna a ce uwarta ba ta da suna ba. Ta ɗauki Sophia, wadda yanzu sai da sanda take tafiya, suka je wurin shugabar cibiyar da hotunan aikin tun yana katako tsirara. Matar ta kira Kaltum da kanta ta ba ta haƙuri. Ta ce in ta yarda za a gyara allon a bar gidan a wurin. Kaltum ta ce a'a, a kawo mata abinta. Cibiyar ta mayar, ta kuma janye daga duk wani shiri da ƙungiyar Sadiyya.

Kaltum ta zaci daga nan mutane za su zo mata jaje. Sai ga shi ita ake zargi. Aka ce ta kai ƙarar 'yar'uwarta wurin Turawa, ta tona asirin da ya kamata a rufe a cikin gida. Aka ce ta manta alheri. Wata ma cewa ta yi, mace da girmanta ta tayar da gari a kan gidan 'yar tsana. Wayarta ta yi shiru. Aka yi suna a Springfield, sai a hotuna ta gani.

Gidan ya koma teburinsa. Da ta ɓamɓare ciyawar, gam ya taho da fentin tsatsar da ta yi wata da watanni tana haɗawa. Ta sake rufin, ta sake keken ɗinki da firji. Agogunan ne ba ta iya maimaitawa ba, idonta ba kamar da ba ne, kuma duk lokacin da ta zauna za ta fara sai hannun ya ƙi. Zauren yana nan wayam.

Amma ba ta daina aikin ba. Ta yi rumfar mai shayi da benci da tulin burodi, ta yi shagon tela, ta yi taragon jirgin da ke kai ma'aikata Washington da jakunkuna a kan kujeru. Ran Asabar tana koyarwa a laburare, ɗalibanta yawanci tsofaffi ne da suka yi ritaya, sai wasu mata biyu 'yan Habasha. Duk abin da ta gama sai ta juya shi ta rubuta sunanta a ƙasa da bakin allura. Ba ta ba da aro, ko ga wa. Tsakaninta da Rilwanu lafiya suke zaune, tana girka masa, suna hira, sai dai ba ya sauka ɗakin ƙasa, ita ma ba ta kiransa.

Bara da Babbar Sallah jama'a suka taru cin abinci a wani lambun shaƙatawa, Rilwanu ya matsa sai da ta je. Tana zaune a gefe da farantinta, sai ga Sadiyya ta taho cikin leshi mai ruwan zuma, mata na biye da ita. Ta tsaya a kan Kaltum, ta kama hannunta da hannu biyu, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ƙanwata, yau ranar yafiya ce. Ni dai na yafe miki duk abin da kika yi mini, duniya da lahira."

Idanu duk suka dawo kan Kaltum. Ta ji maganganu sun taru mata a baki, masu yawa, tun na ranar da ta tsaya gaban akwatin gilashin nan. Ta dubi matan, ta ga abin da suke jira. Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Aka ɗauki kabbara, wata ta rangaɗa guɗa, aka ce Hajiya akwai zuciya mai kyau. Sadiyya ta rungume ta, ƙamshin turarenta ya cika mata hanci, sannan ta wuce wurin masu gasa nama.

A hanyar komawa Woodbridge motoci sun cushe, ana tafiya kamar ba a yi. Rilwanu sai murmushi yake yi. Ya ce, "Alhamdulillahi, yau na ji daɗi. Ai gara da kuka shirya."

Kaltum ta ciro hankici ta goge tafin hannunta a hankali, ta ninke shi ta mayar jaka.

Ta ce, "Ka kula da hanya, na gabanka ya taka birki."